Shiga Siyasa Ce Ke Sauya Tunanin Matashi, Ko Tunaninsa Ne Ke Kai Shi Siyasa?

Tambaya: Ni malama ce, ina koyar da matasa 'yan shekara 16 zuwa 19. Yawancinsu da zarar an ambaci siyasa sai su ce ƙarya ce da cin amana, babu ruwansu da ita. Wata abokiyar aikina ta ce mu daina yi musu dogon bayani, mu sa su cikin harkar kawai, ta hanyar zaɓen majalisar ɗalibai da muhawara da rajistar zaɓe ga waɗanda suka isa. Ni kuwa ina ganin waɗanda da ma suke da sha'awa ne kaɗai za su shiga, sauran babu abin da zai sauya. Shin da gaske shiga harkar siyasa tana sauya yadda matashi yake kallonta?

Amsa: Malama, ke da abokiyar aikinki kowacce ta riƙe wani ɓangare na gaskiya, kuma saɓanin da ke tsakaninku shi ne wanda masu nazarin halayyar siyasa suka shafe sama da shekara 50 suna tafka muhawara a kansa. Abin da na fahimta daga binciken da aka tara shi ne, shiga harkar tana sauya matashi, kuma sau da yawa aikin ne yake riga ra'ayin zuwa. Sai dai ba kowace irin shiga ce take barin alama ba, kuma alamar da take bari ba lallai ta zama wadda kike fata ba. Abubuwa biyu ne suka fi yin tasiri: da su wa matashin ya yi aikin, da kuma abin da ya gani ya biyo baya.

Bari in fara da shakkar da kika kawo, domin shakka ce mai ƙarfi. Idan kika kwatanta ɗaliban da suka tsaya takara a majalisar ɗalibai da waɗanda ba su tsaya ba, babu makawa za ki tarar na farkon sun fi sanin labaran duniya, sun fi yarda da kansu, sun fi ganin siyasa da daraja. Wannan kuwa bai tabbatar da komai ba, saboda mai yiwuwa da halin nasu suka zo, daga gidan da ake sauraron labarai ana kuma tattauna su a gaban yara. Tun da daɗewa masana irin su Alexis de Tocqueville, wanda ya zagaya Amurka a 1831, da John Stuart Mill suka ce shiga al'amuran jama'a makaranta ce da ke koyar da ɗan ƙasa, kuma a 1970 Carole Pateman ta sake ɗaga wannan magana da ƙarfi. To amma hujja ce ta tunani, ba ta gwaji ba. Kafin a raba gardama sai an bi mutane ɗaya shekara da shekaru ana yi musu tambayoyi iri ɗaya, a ga wanne ya riga wanne, ko kuma a sami yanayin da dace ne kawai ya sa wasu suka shiga wasu ba su shiga ba.

An yi duka biyun. A 1985 Steven Finkel ya yi amfani da bayanan Amurkawan da aka bi daga 1972 zuwa 1976, ya rarrabe tsakanin yarda iri biyu da mutane kan gwama su. Akwai yardar mutum da kansa, cewa ya fahimci siyasa kuma yana iya tsoma baki a cikinta, akwai kuma yardarsa cewa masu mulki suna kula da ra'ayin mutane irinsa. Ya tarar jefa ƙuri'a da yin aikin yaƙin neman zaɓe suna ƙara ta biyun, ta farkon kuwa ba su cika motsa ta ba. A kan matasa kai tsaye, aikin da ya fi dacewa da tambayarki shi ne wanda aka yi a Beljiyam, inda aka bi dubban matasa tun suna shekara 16 a 2006, aka sake komawa gare su a 2008 da 2011. Ellen Quintelier, tare da Marc Hooghe a wani nazari da Jan van Deth a wani, sun auna hanyoyin biyu, suka tarar dukansu suna aiki, amma tasirin shiga a kan ra'ayi ya fi tasirin ra'ayi a kan shiga. Wato yarinyar da ta shiga wani aiki na jama'a tana da shekara 16 ba tare da wata sha'awa ta a zo a gani ba, ta fi yiwuwar zama mai sha'awar siyasa bayan shekara biyu, fiye da yadda sha'awa ita kaɗai take tura mutum ga aiki. A nan abokiyar aikinki ta fi ki hujja.

Dalilin da ya sa wannan ya fi ƙarfi a kan matasa ba ɓoyayye ba ne. Dattijon da ya ga zaɓe goma, na goma sha ɗaya ba zai girgiza shi ba, domin yana da abin da zai auna shi da shi. Matashi kuwa zaɓensa na farko shi ne duk abin da ya sani. A tsakiyar shekarun 1930 Theodore Newcomb ya bi 'yan matan kwalejin Bennington a Amurka, waɗanda akasarinsu daga gidajen masu hali da ra'ayin riƙau suka fito, ya ga yadda zaman kwalejin ya karkata su zuwa ra'ayin kawo sauyi. Da aka sake nemo su bayan kimanin shekara 25, aka kuma sake bayan kusan shekara 50, yawancinsu suna nan a kan abin da suka ɗauka a ƙuruciya. Jon Krosnick da Duane Alwin sun nuna a 1989 cewa ra'ayin siyasa ya fi saurin sauyawa tsakanin shekara 18 da 25, daga nan sai ya fara daskarewa. Ɗalibanki suna bakin wannan ƙofa ne daidai, kuma itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Misalin da na fi so a yi wa kallon kusa shi ne na bazarar 1964 a jihar Misisipi. A wannan shekara ƙungiyoyin fafutikar 'yancin baƙaƙen fata sun gayyaci ɗaliban jami'a, akasarinsu farare daga arewacin Amurka, su je su taimaka wajen yi wa baƙaƙe rajistar zaɓe da koyar da yara a makarantun wucin gadi. Kimanin 1,000 ne suka je. Aiki ne mai haɗari ƙwarai, domin tun a watan Yuni aka kashe ma'aikata uku, James Chaney da Andrew Goodman da Michael Schwerner, aka ƙona majami'u, aka lakaɗa wa mutane duka. Shekaru bayan haka masanin zamantakewa Doug McAdam ya samo takardun neman shiga da ɗaliban suka cike, sai ya lura da wani abu mai amfani: akwai ɗaruruwan da suka nema, aka karɓe su, amma a ƙarshe ba su je ba. Ga mutane kashi biyu da suka rubuta dalilai kusan iri ɗaya, da aƙida kusan iri ɗaya, wasu sun je wasu sun fasa. Da ya duba abin da ya bambanta su tun farko, ba zafin aƙida ba ne; waɗanda suka je sun fi samun aboki ko ƙungiya da ta ɗaure su da tafiyar. Da ya nemo su bayan kusan shekara 20, waɗanda suka je sun fi ci gaba da gwagwarmaya, ra'ayinsu ya ƙara karkata ga neman sauyi, har irin aikin da suka zaɓa da maganar aurensu abin ya shafa, domin da yawa daga cikinsu ba su da aure idan aka kwatanta da waɗanda suka fasa. Ba ƙuri'a aka jefa aka raba su ba, saboda haka ba za a ce hujjar ta rufe kowace ƙofa ba, amma wata biyu ko uku kacal sun bar alamar da shekara 20 ba su goge ba. Kent Jennings ya ga makamancin haka a cikin ɗaliban sakandare da aka fara bi a 1965 har zuwa 1997, inda waɗanda suka yi zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam suka ci gaba da bambanta da tsararsu har suka manyanta.

Jefa ƙuri'a, wanda shi ne mafi sauƙin shiga, labarinsa ya fi rikitarwa, kuma a nan ne shakkarki take samun gindin zama. Cewa zaɓe yana zama ɗabi'a, wannan an tabbatar. Alan Gerber da Donald Green da Ron Shachar sun yi gwaji a birnin New Haven na Amurka a 1998, inda aka ware wasu masu rajista ta hanyar ƙuri'a aka bi su gida ko aka aika musu takarda ana ƙarfafa su su fita zaɓe. Waɗanda hakan ya sa suka fita sun fi fita a zaɓen 1999 ma, alhali ba wanda ya sake tuntuɓar su. An kuma kwatanta matasan da ranar haihuwarsu ta faɗo kwanaki kaɗan kafin wa'adin cancanta da waɗanda ta faɗo kwanaki kaɗan bayansa, aka ga waɗanda suka samu damar zaɓen farko sun fi fitowa a na gaba. Akwai ma alamar cewa ƙuri'a tana ɗaure mutum da wanda ya zaɓa. Sendhil Mullainathan da Ebonya Washington sun ba da rahoto a 2009 cewa matasan Amurka da suka isa zaɓe a lokacin da aka zaɓi shugaban ƙasa, bayan shekara biyu ra'ayinsu a kansa ya fi tsauri, na so ko na ƙi, fiye da na waɗanda shekarunsu ba su kai na zaɓe ba a lokacin. Bayanin da suka bayar shi ne mutum ba ya son aikinsa ya saɓa wa zuciyarsa, don haka sai ya gyara zuciyar ta dace da abin da hannu ya riga ya yi. Wasu da suka sake gwada wannan da wasu bayanai ba su ga tasirin da ƙarfi haka ba, saboda haka ina ɗaukarsa a matsayin abu mai yiwuwa, ba tabbatacce ba. Duk da haka ki lura da abin da yake nufi: shiga tana iya ƙara wa matashi riƙo da ɓangarensa ba tare da ta ƙara masa adalci ga ɗaya ɓangaren ba.

Sai kuma Birazil, wadda ta zuba wa masu zumuɗi ruwan sanyi. A can zaɓe ganin dama ne ga 'yan shekara 16 da 17, amma wajibi ne daga 18 zuwa 70. Wannan ya ba masu bincike damar kwatanta matasan da doka ta tilasta wa fita da waɗanda suka gaza su da 'yan kwanaki. Fitowar ta ƙaru sosai kamar yadda ake tsammani, amma John Holbein da Marcos Rangel, a nazarin da suka fitar a 2020, ba su ga wani ƙari na kirki a sanin siyasa ko sha'awarta ba. Wasu suna kafa hujja da wannan su ce batun shiga tana tarbiyyantar da mutum tatsuniya ce. Ni ba haka nake karanta shi ba. Aikin minti biyar da mutum ya yi shi kaɗai, don kada a ci shi tara, babu wanda ya tattauna da shi kafin ko bayan, ban ga dalilin da zai sa ya sauya masa tunani ba. Abin da Birazil ta nuna shi ne dangwala yatsa ba shi ne yake koyarwa ba.

Abin da yake koyarwar ya fito fili a wani gwaji da aka yi a Hong Kong. A 2017 Leonardo Bursztyn da abokan aikinsa sun ba wasu ɗaliban jami'a, da aka ware ta hanyar ƙuri'a, ɗan lada domin su je wurin zanga-zangar da a lokacin aka saba yi kowace ranar 1 ga Yuli su taimaka wajen ƙiyasta yawan jama'a. Manufar ita ce a kai su wurin, a ga abin da zai faru. Bayan shekara guda, ba tare da wani lada ba, waɗanda aka kai sun fi komawa da ƙafarsu. Amma wannan ya faru ne kawai a azuzuwan da aka kai ɗalibai da yawa tare. Inda aka kai mutum ɗaya ko biyu, abin bai ɗore ba. Da aka auna aƙidunsu na siyasa kuma, ba su sauya sosai ba. Abin da ya sauya shi ne abokai, domin sun ƙulla zumunci da waɗanda suke cikin harkar. Hatta a intanet haka abin yake. A zaɓen majalisar Amurka na 2010 Facebook ya gwada saƙo a kan mutum miliyan 61, aka tarar saƙon da ke tunatar da zaɓe kawai bai yi wani tasiri ba, wanda ya nuna fuskokin abokan mutum da suka riga suka jefa ƙuri'a shi ne ya fitar da mutane.

Wannan ne kuma ya bayyana abin da ya ba mutane mamaki a ƙasashen da suka rage shekarun zaɓe zuwa 16. Ostiriya ta yi haka a 2007, kuma da Eva Zeglovits da Julian Aichholzer suka duba rajistar zaɓen biranen Biyenna da Krems na ƙasar, sai suka tarar 'yan 16 da 17 sun fi 'yan 18 zuwa 20 fitowa. A ƙuri'ar raba gardamar 'yancin Sikotland ta 2014, binciken da aka yi wa hukumar zaɓe ya nuna kashi 75 cikin 100 na 'yan 16 da 17 sun ce sun jefa ƙuri'a, na 'yan 18 zuwa 24 kuwa kashi 54. Ɗan shekara 16 yana gidan iyayensa, yana aji tare da tsararsa, akwai malamin da zai buɗe zancen, akwai wanda zai tambaye shi washegari ko ya je. Ɗan shekara 19 sau da yawa ya bar gida, bai kafu a sabon wuri ba, hankalinsa yana kan neman abin yi. Mark Franklin ma ya yi hujja a 2004 cewa saukar da shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18, kamar yadda Birtaniya ta yi a 1969 da Amurka a 1971, ya sa mutane suna gamuwa da zaɓensu na farko a mafi munin lokaci, har suka koyi ɗabi'ar ƙin fita. Ke, Malama, kina tare da su a lokacin da ya fi dacewa.

Abu na biyu, wato abin da ya biyo bayan shiga, shi ne wanda masu kiran matasa su fito suka fi yin sakaci da shi. An daɗe da sanin cewa waɗanda ɗan takararsu ya ci sun fi gamsuwa da tsarin dimokuraɗiyya fiye da waɗanda nasu ya faɗi, kuma Christopher Anderson da abokansa sun nuna a 2005 cewa wannan tazara ta fi faɗi a ƙasashen da dimokuraɗiyyarsu sabuwa ce. Faɗuwa ita kaɗai ba ta kashe gwiwa, muddin wanda ya faɗi ya yarda an ƙirga ƙuri'arsa kuma akwai wani zagaye a gaba. Abin da ke kashe ta shi ne matashi ya tsaya a layi tun asuba, ya jira har a ƙirga a gabansa, sannan ya ji an sanar da abin da bai yi kama da abin da ya gani ba. Wannan ma darasi ne da shiga ta koyar, kuma ya fi kowane darasin aji kama zuciya, domin gani ya kori ji.

Ki dubi ƙasashe biyu da matasansu suka cika tituna a shekara ɗaya. A Chile ɗalibai sun yi watanni suna zanga-zanga a 2011 kan tsadar ilimi. A 2013 jagororinsu irin su Camila Vallejo da Giorgio Jackson da Gabriel Boric suka ci zaɓen majalisa, a Disambar 2021 kuma aka zaɓi Boric shugaban ƙasa yana da shekara 35. Ko mutum yana son siyasarsu ko ba ya so, tsararsu sun ga hanya ta miƙe daga titi zuwa majalisa. A Tunisiya matasa ne suka yi ruwa suka yi tsaki wajen korar Zine El Abidine Ben Ali a Janairun 2011, kuma a zaɓen majalisa na 2014 sama da kashi 60 cikin 100 na masu rajista sun fito. Rashin aikin yi da ya fitar da su bai gushe ba, jam'iyyu suka shagala da rigimar junansu, kuma a zaɓen majalisa na Disambar 2022, wanda manyan jam'iyyu suka ƙaurace wa, kusan kashi 11 ne kawai suka fito. Dalilan sun fi ɗaya, kuma alƙaluman na dukan masu zaɓe ne, ba na matasa kaɗai ba, amma yana da wuya a ce waɗanda suka sadaukar da ransu suka ga sakamakon bai zo ba ba su dawo daga rakiyar abin ba.

A nan ya kamata in ja hankalinki ga wani bambanci da zai taimaka miki wajen fahimtar ɗalibanki. Rashin yarda da 'yan siyasa daban, halin ko oho daban. Matashin da ya shiga zanga-zanga ko ya bi diddigin wani aikin gwamnati yakan fito da ƙarin sha'awa da ƙarin yarda da kansa, amma da ƙarancin yarda da hukuma, saboda ya ga abin da a da jin sa kawai yake yi. Pippa Norris ta bayyana irin waɗannan a ƙarshen shekarun 1990 a matsayin 'yan ƙasa masu son dimokuraɗiyya amma masu sukar yadda ake tafiyar da ita, kuma ba asara ba ne ƙasa ta samu irinsu. A Zimbabwe ma wani nazari na 2016 ya nuna waɗanda suka fi samun ilimi sun fi janye jiki daga zaɓe a lokutan da suka ga sakamakon a rubuce yake tun kafin a fara, suka kuma dawo da gasar ta zama ta gaske. Cikin masu ce miki siyasa ƙarya ce, wasu maimaita abin da suka ji a gida suke yi, wasu kuwa sun lura ne da kyau, kuma waɗannan na biyun su ne suka fi kusa da shiga idan suka ga ƙofar gaskiya.

Akwai kuma shigar da gara babu ita. Matashin da aka ɗauko a mota aka biya shi ya cika fili ya yi kirari, ko aka ba shi makami ya yi bangar siyasa, ko aka ɗauke shi haya ya riƙa zagin abokan hamayya a kafafen sada zumunta, shi ma ya shiga siyasa, kuma shi ma ya koyi darasi: cewa ƙuri'a haja ce, jama'a kayan ado ne, mai kuɗi kuma shi ne mai magana. Wannan ya faru a ƙasashe da yawa a zamanai daban-daban, kuma wanda ya fara da haka yana da wuya ya yarda daga baya cewa akwai mai yin siyasa don wani abu ban da aljihunsa. Wanda ya fi kusa da aikinki shi ne nau'in da ya fi wannan laushi amma yake koyar da abu ɗaya. Sherry Arnstein ta zana matakai takwas na shigar jama'a a 1969, Roger Hart kuma ya daidaita su ga yara da matasa a wani aiki da ya yi wa UNICEF a 1992, inda ya ce matakai uku na ƙasa ba shiga ba ne sam: a juya yara, a yi ado da su, ko a ba su kujera ba tare da murya ba. Majalisar ɗalibai ta jeka-na-yi-ka, wadda shugaban makaranta ya riga ya san wanda zai ci, wadda aikinta kawai ta tsaya a layi ranar da baƙi suka zo, tana tabbatar wa yaro abin da yake zargi ne tun farko. Yara kuwa suna gane wannan da wuri fiye da yadda manya suke zato.

Game da makaranta, dogon bayanin da abokiyar aikinki take so ku rage, bincike yana bayanta. Tun 1968 Kenneth Langton da Kent Jennings suka tarar yawan darussan tarbiyyar ɗan ƙasa da ɗalibin Amurka ya ɗauka bai cika sauya ra'ayinsa ba. Babban binciken da aka yi a 1999 a ƙasashe 28, kan ɗalibai kusan 90,000 'yan shekara 14, ya nuna abin da ya fi tafiya tare da sanin siyasa da niyyar yin zaɓe shi ne ajin da ake tattauna batutuwan da ake saɓani a kansu a fili, ɗalibi ya saɓa wa malami ba tare da tsoro ba. David Campbell ya ƙara da cewa irin wannan aji ya fi amfanar 'ya'yan marasa hali, waɗanda ba su samun wannan tattaunawa a gida.

Wannan ya dawo da mu kan damuwarki, wadda ita ce ya kamata ta tsara yadda za ku yi aikin. Sidney Verba da Kay Schlozman da Henry Brady sun taƙaita dalilan ƙin shiga a 1995 zuwa uku: mutum ba zai iya ba, ko ba ya so, ko ba wanda ya neme shi. Idan kuka liƙa sanarwa kuka ce mai so ya zo, waɗanda za su zo su ne waɗanda kika ambata, za su ƙara gogewa, tazarar da ke tsakaninsu da sauran kuma ta ƙara faɗi. Saboda haka shawarata ita ce aikin ya zama na aji gaba ɗaya, a cikin lokacin karatu, a riƙa juya muƙamai ta yadda mai kunya ma zai jagoranci zama ko ya rubuta takardar koke, a kuma nemi mutum da sunansa, tare da abokansa, kada a jira ya kawo kansa. Abin da za su yanke hukunci a kansa ya zama na gaske ko da ƙarami ne, kamar yadda za a kashe wani kaso na kuɗin da aka ware wa ɗalibai ko yadda za a tsara wata doka ta makaranta. Birnin Boston na Amurka ya fara ware dala miliyan 1 a 2014 domin matasa su kawo shawarwari su kuma zaɓi ayyukan da za a yi da ita, yana koyi da tsarin da Porto Alegre ta Birazil ta fara a 1989. Girman kuɗin ba shi ne abin koyi ba, sai dai cewa abin da suka zaɓa shi ake yi. Idan hukumar makaranta ba za ta amince da wata buƙata ba, ta zo gabansu ta faɗi dalili, domin a ce maka a'a da hujja ya sha bamban da a yi banza da kai. Kuma ku tabbata wanda ya faɗi zaɓe ya ga an ƙirga a gabansa, ya kuma san ranar da za a sake.

Idan kina son ki san ko abin ya yi aiki, ki yi wa ɗalibai ɗaya tambayoyi ɗaya a farkon shekara da ƙarshenta, har da waɗanda ba su nuna sha'awa ba, kuma ki raba tambayoyin: ko suna bin labarai, ko suna jin za su iya tsayawa su yi magana a taro, ko suna ganin ana sauraron irinsu, ko za su yarda wanda suke adawa da shi ya yi jawabi, da kuma ko sun yarda da 'yan siyasa. Ina sa ran biyun farko za su motsa cikin shekara guda, na uku zai dogara da yadda hukumar makarantarku ta amsa musu, na huɗu sai kun sa su sun yi aiki tare da waɗanda suka saɓa musu, na ƙarshen kuwa yana iya tsayawa inda yake ko ma ya ragu.